Ajiye Ƙaramin Jirgi Mai Inji da Saka Shi a Ruwan Gishiri: Tambayoyi da Amsoshi daga Legas

A bakin Kogin Kwara na tashi, can ƙasar Yawuri, inda jirgi bai fi jaki daraja ba: ka dawo, ka ɗaure shi a turke, ka tafi gida ka yi barcinka. Da neman abinci ya kawo ni Legas na sayi jirgin faiba mai tsawon mita 5 da injin Yamaha mai ƙarfin doki 40, sai na tarar da karatun gida bai isa ba. 'Yan'uwa da suka sayi irinsa, ko suke shirin saye, sukan yi mini tambayoyin da ke ƙasa, kuma kusan duk a wuri ɗaya suke tarar da matsala. Sun gama cinikin jirgi kafin su tambayi kansu inda zai kwana.

Malam, na san jirgi tun a Kainji. Me zai bambanta a nan?

Abu biyu: gishiri, da ruwan da ke cika yana janyewa kullum.

Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. Wannan gishirin yana cin ƙarfe, yana cin waya, yana daskarewa a hanyoyin da ruwa ke bi ya sanyaya inji. Tafkin Legas kuwa ruwansa gauraye ne. Da damina koguna irin su Ogun suna turo ruwan daɗi har gishirin ya yi rauni, da rani kuma ruwan teku ya shigo ta mashigin Apapa ya mamaye. Saboda haka jirgin da ya yi wata uku a ruwa da damina bai nuna komai ba, kada ka ɗauka haka zai yi a watan Fabrairu.

A Kainji ruwa yakan hau ya sauka ne da lokacin shekara. A nan sau biyu yake cika sau biyu yake janyewa a kowace rana. Wanda ya ɗaure jirgi irin ɗaurin gida zai dawo ya same shi ko dai a zaune kan laka, ko a rataye da igiya.

To ina ake ajiye shi?

A gida kan tirela, wato amalanken ƙarfe mai tayoyi da mota ke ja da jirgin a kai, ko a filin ajiya da ke bakin ruwa, ko a ɗaure a jeti, dandamalin da jirage ke tsayawa a jikinsa, ko a kan anga, ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, nesa kaɗan da gaɓa. A wasu ƙasashe akwai manyan rumbuna da ake jera jirage hawa-hawa kamar kaya a kanta, mota mai cokali ta sauko maka da naka idan ka zo. Idan ka samu irin wannan kuma aljihu ya ɗauka, babu abin da ya kai shi sauƙi.

Ni dai ra'ayina a fili yake. Jirgin da bai wuce mita 6 ba, tudu ne wurin kwanansa. Amma kafin ka zaɓi tudun, ka lissafa wahalar da ke tsakaninsa da ruwa. Na san wanda ke zaune a Agege ya ajiye jirgi a ƙofar gida don kada ya biya haya. Ja shi zuwa Ikoyi cikin cunkoson Legas, da dawowa da shi da yamma, ya sa sau biyu kacal jirgin ya ga ruwa a shekara. Arha ta zama tsada.

Idan zan ajiye shi a gida, me zan kiyaye?

Ka ɗaga gaban tirela ya fi bayan tsawo, ka cire marfin ramin da ke can ƙasan bayan jirgin, don duk ruwan saman da ya shiga ya fice. Ka rufe da tamfol, amma ka sa sanda ko katako a tsakiya ya yi tozo kamar jinka. Tamfol ɗin da aka shimfiɗa a kwance kwatami yake zama, ruwa ya taru, sauro ya samu gida, nauyin ya yaga shi. Kada kuma ka ɗaure shi ruf babu inda iska za ta shiga. Laimar Legas za ta sa kujeru su yi funfuna cikin mako biyu.

Rana tana cin faiba, tana dusar da launi, tana fasa roba da taya. Inuwar rumfa ta fi inuwar bishiya, musamman mangwaro, don ganye yana toshe ramin fitar ruwa. Idan zai daɗe a tsaye, ka sa katako ƙarƙashin tirela nauyi ya sauka daga kan tayoyi. Inji ka bar shi a miƙe, farfela tana kallon ƙasa, don ruwan da ke ciki ya tsiyaye. Tankin fetur kada ya kwana kusa da janareta ko kicin.

Filin ajiya na bakin ruwa fa?

Ga mai zama nesa da ruwa shi ne mafita. Jirgin yana kan tirelarsa, 'yan taku kaɗan daga gangaren da ake saka shi, babu ruwanka da titi. Wasu wuraren suna da tarakta da yara masu taimakawa.

Kafin ka biya, je ka ga wurin sau biyu, sau ɗaya ruwa a cike, sau ɗaya a janye. Tambayi ko akwai famfon ruwan daɗi kusa da gangaren, ƙarfe nawa ake buɗewa da rufewa, wa ke gadi da dare, kuma idan abu ya ɓace wa zai biya. A rubuta. Na taɓa ajiye jirgina a wani fili bisa yarjejeniyar fatar baki, na bar tanki cike ranar Lahadi, na dawo Asabar na same shi rabi. Mai gadi ya ce: "Alhaji, ai zafin rana ne ya sha." Ba ni da abin nunawa, haka na haɗiye.

Akwai kuma kulob-kulob. Lagos Yacht Club da ke Onikan tun 1932 yake, Lagos Motor Boat Club kuma yana kan titin Awolowo a Ikoyi. Irin waɗannan wurare na mambobi ne, ba a shiga da jirgi kai tsaye don kawai akwai kuɗi a hannu.

Ni ina son in bar shi a ruwa a jeti, in zo in murza in tafi. Laifi ne?

Ba laifi ba ne. Ga mai fita kullum ko sau uku a mako, shi ya fi ma'ana, kuma haka masu jigilar fasinja zuwa Ikorodu da Badagry suke yi. Sai dai yana da haraji.

Harajin farko ruwan sama. Jirgi mai buɗaɗɗen sama, tsawo mita 5, faɗi mita 2, ya buɗe baki kusan murabba'in mita 10 ke nan. Idan aka yi ruwa na milimita 50 a dare ɗaya, wanda ba abin mamaki ba ne a watan Yuni, lita kusan 500 ta shiga, wato rabin tan. Kuma ruwan baya yake gangarawa, inda inji ya riga ya danne. Yawancin ƙananan jiragen da na ga sun nutse, a ɗaure suka nutse, masu su suna gida suna barci. Kana buƙatar famfo mai tashi da kansa idan ruwa ya taru, da batir mai lafiya, da mutum mai leƙawa bayan kowane ruwa. Famfon shi kaɗai ba abin dogaro ba ne, leda ɗaya ta ruwan sha tana toshe shi.

Na biyu abin da ke tsirowa a ƙasan jirgi. Gansakuka ce ke fara kamawa, sai wasu ƙananan halittu masu ɓawo kamar katantanwa su manne. A ruwa mai ɗumi irin namu makonni kaɗan sun isa. Jirgi ya yi nauyi, gudu ya ragu, mai ya ƙaru. Maganinsa fenti na musamman da ake shafa wa ƙasan jirgi, yawanci mai jan ƙarfe a ciki, ana sabunta shi kusan duk shekara. Jirgin alminiyam ba a shafa masa mai jan ƙarfe, don zai ci jikinsa. Akwai nasa daban.

Na uku ɗauri. Igiya gaba, igiya baya, da wasu biyu a karkace masu hana shi kai da komo, kuma duk da sassaucin da zai ishi hawa da saukar ruwa. Idan jetin mai shawagi ne, yana hawa yana sauka tare da jirgi, to ka huta. Idan na kankare ne, ka duba kada gefen jirgi ya shige ƙarƙashinsa lokacin janyewa, ruwa ya dawo ya danne shi. Ka rataya tsofaffin tayoyi ko balan-balan na roba a gefe, musamman a mashigin Five Cowrie inda jiragen fasinja ke wucewa da gudu suna tayar da igiyar ruwa yini guda. Inji kuma a ɗaga shi ya fita daga ruwa duk lokacin da aka tsaya.

Mene ne wannan guntun ƙarfe mai toka-toka a ƙafar inji? Makanikena ya ce a fente shi.

Kada ya kuskura. An sa shi ne don gishiri ya ci shi a maimakon inji, fansa ce. Idan aka rufe shi da fenti ya daina aiki, cin ya koma kan ƙafar inji. Idan ya cinye rabi a canza shi. Na zinki na ruwan gishiri ne, na alminiyam yana aiki a ruwan gishiri da gaurayayye, shi ya sa ya dace da tafkin Legas.

Anga a tsakiyar ruwa ba ta fi arha ba?

Ta fi. Amma sai ka samu kwalekwalen da zai kai ka ya dawo da kai, kuma jirgin yana can babu mai ganinsa. Angar da kake jefawa don ka yi kamun kifi na awa biyu ba ita ce ta ajiya ba. Ta ajiya tana son nauyi na dindindin a ƙasa, da sarƙa, da izinin hukuma don kada ka tare hanya. Ta ɗan tsayawa kuwa, ka saki igiya ninki 5 zuwa 7 na zurfin ruwan.

Zan iya saka shi daga bakin teku kai tsaye, kamar yadda masunta suke yi?

A'a. Masuntan da kake gani suna keta igiyar ruwa da manyan kwalekwale a gaɓar Lekki ko ta Badagry, mutum goma ne ko fiye, sun gaji aikin, suna ƙirga igiyar ruwa kafin su tura. Gaɓar nan tana da tsananin duka, dukan nan ne ya cinye Bar Beach, tsohon bakin tekun shaƙatawa na Legas, kafin a cike wurin a gina sabuwar unguwar Eko Atlantic. Motarka za ta kafe a rairayi, igiyar ruwa ɗaya ta juya jirgin a kaikaice ta kife shi. Ka saka daga cikin tafki ko mashigi. Idan Tarkwa Bay za ka, wurin shaƙatawar da ke bakin mashigin teku, ta cikin tashar jiragen ruwa za ka bi, kana bai wa manyan jiragen Apapa hanya da wuri, don su ba sa iya kaucewa kuma ba su da birki.

Yaya zan san lokacin cikar ruwa?

Akwai jadawali a intanet da manhajojin waya, ka nemi na Legas. Tsakanin cika da cika kusan awa 12 da minti 25 ne, don haka kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Idan yau ya cika ƙarfe 9 na safe, gobe sai wajen 10 saura.

Mu da muke bin lissafin wata muna da sauƙi a nan. Lokacin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, ruwa ya fi cika kuma ya fi janyewa, ƙarfin gudunsa ma ya fi. Wajen 7 ga wata da 22 ga wata bambancin kaɗan ne. A Legas tazarar ba ta cika wuce mita ɗaya ba, abin da wasu ƙasashe za su yi wa dariya. Amma tafkin ba shi da zurfi a wurare da yawa, rabin mita ya isa ya raba tafiya da kwana kan laka. Ka lissafa lokacin dawowarka kamar yadda ka lissafa na fita.

Ka faɗa mini yadda ake saka shi daga tirela.

Duk shiri a sama ake yin sa, nesa da gangare, don kada ka tare wa mutane hanya kana neman makulli. Ka loda kaya, ka haɗa tiyon mai, ka kwance bel ɗin baya, ka ɗaga inji, ka ɗaura doguwar igiya a hancin jirgi ka ba wani ya riƙe. Ƙugiyar winci, abin murzawar da ke gaban tirela mai jawo jirgi, kada ka cire ta sai bayan jirgi ya taɓa ruwa. Wanda ya cire tun a sama, jirgi kan zame ya faɗo kan kankare.

Sannan marfin ramin fitar ruwa. Wanda ka cire a gida.

Ranar da na manta da nawa wata Asabar ce, da baƙi biyu daga Kano sanye da fararen kaya. Jirgi ya sauka lafiya, na tafi ajiye mota ina taƙama. Ina dawowa na hangi ɗayansu ya tattare babbar riga har gwiwa, takalmansa suna yawo kusa da tankin mai, yana cewa: "Yallaɓai, haka yake yi dama?" Marfin yana aljihuna. Tun ranar, igiya ɗaya ta haɗa shi da makullin inji.

Kafin ka yi ribas, sauka ka taka gangaren da ƙafa. Wurin da ruwa ke rufewa yana buɗewa yana da koren santsi kamar miyar kuɓewa, mutum da mota duk yana kayarwa. Ka nemi inda kankare ya ƙare. Sau da yawa akwai rami a ƙarshensa da farfelar jirage ta haƙa, tayar tirela in ta faɗa sai an nemo taimako. Lokacin janyewar ruwa ne aka fi faɗawa.

Ribas da tirela sai a hankali. Sa hannu a ƙasan sitiyari: inda ka kai hannunka, nan bayan tirela zai nufa. Sauke gilashi don ka ji mai yi maka jagora, kuma mutum ɗaya ya yi magana, don a bakin ruwa kowa malami ne. Ka tsaya da zarar bayan jirgi ya fara shawagi. Tayoyin bayan mota kada su shiga ruwa. Ja birkin hannu, a sa dutse ko katako a bayan taya. Sassauta winci, tura jirgi, mai igiya ya ja shi gefe. Sauke inji, ka tabbata ƙafarsa tana cikin ruwa kafin ka tayar, ka ga siririn ruwan nan da muke kira fitsarin inji yana fita. In babu shi, kashe nan take.

Wace irin mota ke iya ja?

Ka haɗa nauyin jirgi, inji, tirela, mai da kaya, ka gwada da abin da littafin motar ya yarda. Saukarwa kowace mota tana iyawa, fitarwa ce ke tona asiri. Mota mai ja da tayoyin gaba takan yi ta murza a banza a gangare mai santsi, domin nauyi ya koma baya. Mai ja da ƙafa huɗu ta fi. Nauyin da ke danna ƙugiyar mota ya zama kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na duka. In ya gaza haka tirela takan yi rawa a titi.

Bayan an fito fa?

Wanka, kafin gishiri ya bushe. Akwai wata roba mai kama da abin jin waƙa na kunne, ana maƙala ta a ramukan shan ruwa na ƙafar inji, a haɗa da tiyo. Buɗe famfo tukuna, sannan ka tayar da inji, ba a giya ba, ka bar shi minti 10 zuwa 15. Kada ka taɓa tayar da shi a bushe ko don gwaji. Akwai ƙaramar farfelar roba a ciki mai tura ruwa, daƙiƙu kaɗan suke ƙona ta. Idan babu robar kunnen, durom cike da ruwa ya wadatar.

Ka wanke jikin jirgi, anga, igiyoyi, sannan tirela, ciki da waje, musamman wajen tayoyi. Boris ɗin tirela shi ne ke fara mutuwa. Ka yi doguwar tafiya ya yi zafi, ka tsoma shi a ruwa, sanyi ya sa ya zuƙo ruwan gishiri ciki. Shi ya sa shirin da kake yi a sama yana da amfani biyu, yana ba shi lokacin hucewa. Ka riƙa ɗura masa giris na ruwa, ka ajiye boris na canji a mota. A hanya ka tsaya ka taɓa tsakiyar tayar. In hannu ba ya iya zama, kada ka ci gaba.

Takardu fa? Wa zan je wurinsa?

Hukumar NIWA ta tarayya, mai hedikwata a Lakwaja, ita ke rajistar jiragen ruwan cikin gida da ba da izinin gina jeti. Jihar Legas kuma tana da tata hukumar, LASWA, tun 2008, ofishinta yana Falomo. An daɗe ana shari'a kan wa ke da iko, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Janairun 2024 ta ba tarayya gaskiya. A kan ruwa dai za ka haɗu da jami'an duka biyun da 'yan sandan ruwa. Ka yi rajista, ka riƙe rasit ɗin sayen jirgi da na inji, ka sa kwafi a leda a cikin jirgin. Rigar kariya dole ce ga kowa, a jiki, har da wanda ya ce shi ɗan Sarkawa ne ya iya iyo. Hukumomin sun hana tafiyar dare, don haka ka shirya dawowa tun la'asar. Lambobin gaggawa a Legas 112 da 767.

Me ɓarayi suka fi ɗauka?

Inji. Mutum biyu suna kwance mai doki 40 cikin mintuna, kuma kasuwarsa ba ta kwana. A ɗaure shi da kusoshi masu ratsa bayan jirgi, ban da maƙalan hannu, a sa kwaɗo. Ɗauki hoton lambarsa. Batir, tanki da farfela su ne na biye. Tirela ma a sa mata kwaɗo a baki, ko a cire taya ɗaya.

Zan tafi gida wata biyu ko uku. Me zan yi?

Fito da shi daga ruwa, ko da a jeti yake zama. Wanke inji, cire tiyon mai yana aiki ka bar shi ya shanye abin da ke kafireta har ya mutu da kansa, don fetur in ya daɗe yakan zama danƙo. Wannan na injin kafireta ne. Injin zamani mai fesa mai da kwamfuta, bi abin da littafinsa ya ce. Man da aka gauraya da baƙin mai kada ka ajiye shi. In ka dawo ka haɗa sabo: a ma'aunin 50 da 1, tankin lita 25 rabin lita yake ci. Cire batir ka kai gida a riƙa yi masa caji. Kwashe duk wani abinci, don ɓera in ya shiga ba ya tsayawa kan biskit, har waya yake ci.

Ciyawar nan da ke rufe ruwa, tana hana saka jirgi?

Tana hanawa. Kamar kainuwa take amma ta fi girma, da fure mai ruwan shuɗi. Tun 1984 ta shigo ruwan Legas ta wajen Badagry. Ƙarshen damina, lokacin da ruwan daɗi ya yi yawa, takan taso ta rufe jeti, musamman wajen Ikorodu, har rani ya kawo gishiri ya kashe ta. Iskar dare ɗaya tana iya tara ta a gangaren da ka bari fes jiya, don haka ka kira mai gadin wurin kafin ka baro gida. Idan ka shiga cikinta, ko leda ta naɗe farfela, za ka ji inji ya canza murya ko fitsarinsa ya tsaya. Kashe shi, cire igiyar makulli, ɗaga ƙafar, ka warware da hannu. Ina ajiye wuƙa da dogon gora a jirgi saboda wannan kawai.